Kwalaben garin taba na ƙasar Sin: a duba aikin hannu kafin a tambayi farashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ba kasafai yake samun shiga shafukanmu ba, wato 'yan ƙananan kwalaben gilashi masu sassaƙa waɗanda mutanen ƙasar Sin suka riƙa zuba garin taba a cikinsu a zamanin daular Qing, wadda ta yi mulki daga 1644 zuwa 1912. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da labarin irin waɗannan kayan tarihi ya iso kunnen mai karatun Hausa, to da farashi yake zuwa: an sayar da abu kaza a wurin gwanjo a kan miliyan kaza, sai a riƙe baki, a girgiza kai, a wuce. Ba a gaya wa mai karatu su wane ne suka yi abin, da me suka yi shi, kuma me masana suke gani a jikinsa har suke daraja shi. A ganina wannan tauye haƙƙin mai karatu ne, kuma tauye haƙƙin masu sana'ar ne, waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu da hasken idonsu a kan abin da bai wuce tafin hannu ba.

Ita taba ba tsiron Sin ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, kuma jiragen ruwan Turawan Fotugal da na Sifaniya ne suka kawo ta gabashin Asiya a ƙarshen ƙarni na 16, ta shiga Sin ta hanyar tsibiran Filifin da tashar Makau. Hukumomi sun yi ƙoƙarin hana busa ta a farkon al'amari, amma garin taba da ake shaƙa ya samu karɓuwa dabam, domin an ɗauke shi a matsayin magani. Wang Shizhen, babban jami'in gwamnati kuma marubuci wanda ya rasu a 1711, ya rubuta cewa mutanen Beijing suna shaƙarsa da imanin yana ƙara hasken ido yana kuma kare mutum daga annoba, kuma a kwalbar gilashi suke ajiye shi, su ɗebo da cokalin hauren giwa. Yau an san wannan imani ba shi da tushe, kuma ba na son kowa ya ɗauki wasiƙata a matsayin talla ga taba, wadda illarta ga jiki a bayyane take, ko shaƙa aka yi ko busawa. Maganata a kan mazubin take.

Turawa a cikin 'yan akwatuna masu faɗi suke zuba garin tabarsu, su buɗe murfi su tsakura da yatsa. Wannan bai dace da Sinawa ba. Murfin akwati ba ya kamawa sosai, saboda haka ƙamshi yakan fice, danshin damina kuma ya shiga ya lalata gari mai tsada, wanda mafi kyawunsa daga Brazil ake kawo shi ta hannun 'yan kasuwar Fotugal, a gauraya shi da na'ana'a ko kafur ko almiski. Sai suka koma ga abin da suka riga suka saba da shi, wato ƙaramar kwalbar magani mai matsattsen wuya, suka yi mata murfi mai toshe baki, suka maƙala wani ɗan siririn cokali a ƙarƙashin murfin wanda yake kai wa har gindin kwalbar. Yawancinsu tsayinsu tsakanin santimita 5 zuwa 8 ne. Duk wanda ya tashi ya ga dattijo yana zaro battarsa ya miƙa wa abokin hira zai gane matsayin wannan kwalba nan take, domin ita ma abin miƙa wa baƙo ce, kuma mai karɓa yakan juya ta a hannu ya yaba kafin ya buɗe. Har gobe a ƙasar Mongoliya musayar kwalbar garin taba yana cikin gaisuwar girmamawa, musamman a bikin sabuwar shekararsu.

An yi waɗannan kwalabe da abubuwa iri-iri, da tangaran da tagulla da hauren giwa da duwatsu masu daraja, amma na gilashi suna da tarihi na musamman. A 1696 Sarki Kangxi, wanda ya hau gadon mulki a 1661 ya kuma rasu a 1722, ya ba da umarnin kafa masana'antar gilashi ta fada a Beijing, ya ɗora alhakinta a wuyan wani limamin Katolika na ƙungiyar Jesuit mai suna Kilian Stumpf, mutumin garin Würzburg na ƙasar Jamus. An gina ta a unguwar Canchikou, dab da cocin limaman Faransa, kuma aka sa ta a ƙarƙashin ofishin da ke kula da dukkan ma'aikatun sana'a na fada. Ba wai Sinawa ba su san gilashi ba ne kafin wannan lokaci. Sun fi shekara dubu biyu suna yin duwatsun wuya da ƙananan kayan ado da shi, kuma garin Boshan na lardin Shandong ya daɗe da shahara da tanderunsa, har ma daga can ake ɗauko ma'aikata zuwa fada. Abin da Stumpf da limaman da suka biyo bayansa suka ƙara shi ne sababbin haɗe-haɗen sinadarai da dabarun launi na Turai. Mafi shahara a ciki shi ne jan gilashi mai kama da yaƙutu, wanda ake samu ta hanyar zuba ɗan ƙanƙanin zinariya a cikin narkakken gilashi, dabarar da aka inganta a Jamus 'yan shekaru kaɗan kafin nan. Sarki Yongzheng, wanda ya gaji Kangxi, ya buɗe reshen masana'antar a fadar shaƙatawa ta Yuanmingyuan da ke wajen birni, sannan a zamanin Sarki Qianlong, daga 1735 zuwa 1796, sana'ar ta kai ƙololuwarta.

Ba a dare ɗaya aka ƙware ba. Gilashin farko-farko na fada yana da wata cuta wadda masu adana kayan tarihi suka sani sarai: gishirin toka ya yi yawa a cikin haɗin, farar ƙasa kuma ta yi kaɗan, saboda haka da shekaru suka tura sai jikin gilashin ya riƙa jan danshi yana yin wasu ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo. Wannan aibi ne, amma a yau yana cikin alamun da masana suke dubawa wajen gane aikin zamanin Kangxi da Yongzheng.

Inda nake son mai karatu ya tsaya ya yi tunani shi ne sassaƙar kanta. Baturen da ya kawo haɗin sinadarai yana son gilashi ne saboda haskensa, ya zama garau ana hango abin da ke bayansa. Basine kuwa da idon mai sassaƙa dutse ya dubi gilashin. Dubban shekaru ke nan Sinawa suna aikin wani dutse mai tauri da ake kira jed, wanda wuƙa ba ta kama shi, sai dai a ci shi a hankali da faifan ƙarfe mai juyawa wanda ake takawa da ƙafa, ana zuba masa jiƙaƙƙen garin duwatsu masu kaifi. Wannan kayan aiki da wannan haƙuri su aka juyo da su kan gilashi. Mai hura gilashi zai fara yin jikin kwalbar, sau da yawa fari kamar madara, ko kuma mai ɗauke da dubban 'yan kumfa a ciki waɗanda suke sa shi kama da zubar ƙanƙara. Tun yana da zafi sai a tsoma shi a cikin narkakken gilashi mai wani launi, ja ko shuɗi ko kore ko baƙi, ya zama an yi masa riga. Dole ne gilasan biyu su yi daidai wajen yadda suke buɗewa da zafi da yadda suke tsukewa da sanyi, in ba haka ba kwalbar za ta tsage tun kafin ta huce. Idan ta huce lafiya, sai ta koma hannun mai sassaƙa, wanda zai zana hotonsa a kan rigar, sannan ya bi duk wurin da ba hoto ba ya cinye shi da faifai har farin gilashin da ke ƙarƙashi ya bayyana, a bar hoton a tsaye, ja a kan fari, yana da tudu wanda yatsa ke ji.

Wahalar aikin ita ce babu gyara. Mai zane da fenti idan ya yi kuskure yana iya shafewa, maƙeri yana iya mayar da ƙarfe wuta, amma abin da faifai ya ci a jikin gilashi ya tafi ke nan. Kaurin rigar kuma bai wuce 'yan milimita ba, kuma a cikin wannan ɗan kauri gwani yake fitar da zurfi da inuwa: inda ya bar gilashin da kauri launin yakan yi duhu, inda ya rage shi ya yi siriri sai ya yi haske har farin ƙasa ya riƙa leƙowa, ta haka fiffiken tsuntsu ko ganyen fure yake samun rai daga launi guda. Bayan an gama sassaƙa akwai goge farin da ke tsakanin hotuna har ya yi sumul babu sawun faifai, kuma a nan ne masana suka fi bambanta gwani da ɗan koyo, domin shi ne aikin da ya fi cin lokaci kuma ya fi sauƙin a yi masa ha'inci. Wasu kwalaben riga biyu ake yi musu, ɗaya a kan ɗaya, a sassaƙa ta sama a bar hoto, a sassaƙa ta tsakiya a bar wani. Wasu kuma ɗiga musu launuka ake yi wuri-wuri, huɗu ko biyar ko fiye, mai sassaƙa ya mayar da jan ɗigo fure, koren ya zama ganye, rawayan ya zama malam-buɗe-littafi. Akwai kuma masu launi ɗaya tal waɗanda aka sassaƙa a jikinsu kai tsaye, irin su rawaya mai kauri wanda aka keɓe wa gidan sarauta, da waɗanda aka yi wa fuskoki takwas masu kusurwa. Har ila yau akwai gilashin da aka haɗa da gangan domin ya yi kama da jed ko murjani ko aƙiƙ, kuma wani lokaci sai an ɗauka a hannu an ji nauyi da sanyinsa kafin a tabbatar ba dutse ba ne.

Hotunan da ke jikinsu ma ba ado ne kawai ba, saƙo ne da mai karɓar kyauta yake karantawa. Jemage alamar alheri ne a wurinsu, kuma jemagu biyar suna nufin albarkatu biyar da ake yi wa mutum fata, ciki har da tsawon rai da wadata da lafiya. Kifi yana nufin yalwa, furen bado da ke fitowa tsaf daga cikin taɓo yana nufin tsarkin hali, macijin almararsu mai ƙafafu kuwa yana da alaƙa da iko da sarauta. Wanda zai ba wa dattijo kyauta da wanda zai ba wa ɗalibin da ke shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati ba hoto ɗaya za su zaɓa ba.

Abin baƙin ciki shi ne mafi yawan masu sassaƙar ba a san sunayensu ba, domin sunan zamanin sarki ake yankawa a gindin kwalbar fada, ba na ma'aikaci ba. Zhao Zhiqian, malami kuma gwanin rubutun hannu wanda ya rasu a 1884, ya ambaci gidaje uku na Beijing da suka yi suna a wannan aiki, gidan Xin da gidan Le da gidan Yuan. A ƙarni na 19 kuma wani salo ya bunƙasa wanda ake dangantawa da birnin Yangzhou, mai siririyar riga da hotuna masu laushi kamar zanen alƙalami, sau da yawa tare da ɗan hatimi da gajeren rubutu. Wannan dabam yake da kwalaben da ake yi wa zane daga ciki da lanƙwasasshen buroshi, waɗanda gwanayensu irin su Zhou Leyuan da Ma Shaoxuan suka riƙa sa hannu a aikinsu, shi ya sa sunayensu suka tsira. Amma ko da sunayen masu sassaƙa sun ɓace, kundin ma'aikatun fada ya tsira, kuma tun daga 1723 yana ɗauke da bayanin abin da sarki ya umarta a yi, da launin da yake so, da abin da ya mayar a gyara. Daga wannan kundi ne aka san cewa Qianlong yakan sa a yi kwalabe ɗaruruwa a lokaci guda domin rabawa ga hakimai da jami'ai da shugabannin Mongol a lokutan bukukuwa.

Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a tarihin, kuma shi nake ganin ya fi farashi cancantar a ba shi fili. Ganyen daga Amurka yake, ɗabi'ar shaƙa daga Turai, haɗin jan launi daga Jamus, amma babu wanda zai ɗauki kwalbar zamanin Qianlong ya ce aikin Bature ne. Sarakunan nan sun karɓi ilimin baƙo da hannu biyu, suka ajiye shi kusa da gwanayen gida, suka ciyar da su, suka matsa musu a kan inganci, suka kuma rubuta komai. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 sai ga ilimin ya juya ya koma inda ya fito: Émile Gallé, shahararren mai aikin gilashi na birnin Nancy a Faransa, wanda ya rasu a 1904, ya yi nazarin gilashin Sin mai riga da sassaƙa, kuma tasirinsa ya fito fili a ayyukan da suka ɗaukaka sunansa a Turai.

Bayan Qianlong masana'antar fada ta riƙa ja da baya, aikin ya fi komawa hannun shaguna masu zaman kansu yayin da shaƙar garin taba ta bazu cikin talakawa. A watan Oktoba na 1860 sojojin Ingila da na Faransa suka wawushe fadar Yuanmingyuan, sannan aka banka mata wuta bisa umarnin Lord Elgin, wakilin Ingila. A 1900 sojojin ƙasashe takwas suka sake shiga Beijing, aka sake kwasar ganima. Ƙaramin abu irin wannan ba ya wuyar sakawa a aljihu. Ba duk kwalbar da ke Turai ko Amurka ce ta sata ba, domin da yawa sayensu aka yi a kasuwa bayan daular ta faɗi a 1912, lokacin da sigari ya kori garin taba kuma manyan gidaje suka shiga sayar da kayan gado, amma adalci ne duk mai ba da labarin gwanjo ya riƙa tambayar ta wace hanya abu ya bar gidansu. A yau ana iya ganin tarinsu a gidan adana kayan tarihi na fadar Beijing, da na birnin Taipei, da gidan Victoria da Albert a Landan, da gidan tarihin gilashi na Corning a Amurka. Masu sha'awarsu sun kafa ƙungiya a 1968 a birnin Baltimore na Amurka, wadda daga baya ta zama ta duniya. Farashi kuwa, tun da dole a faɗe shi, a watan Nuwamba na 2011 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wata kwalbar gilashi ta zamanin Qianlong daga tarin Mary da George Bloch a Hong Kong a kan dalar Hong Kong miliyan 25.3. Ita wannan zanen fenti ne da aka gasa a wuta a jikinta, ba sassaƙa ba, kuma irinta ƙalilan ne a duniya. Mafi yawan tsofaffin kwalabe na gaskiya ba su kusanci wannan adadi ba ko da daga nesa.

Na kawo wannan ne domin labarin miliyoyi ba tare da bayani ba yana iya jefa mutane cikin asara. 'Yan kasuwarmu suna zuwa Guangzhou da Yiwu, matasanmu kuma suna saye ta intanet, kuma a ko'ina akwai kwalaben da ake cewa na zamanin Qianlong ne. Ya kamata a sani cewa ba a daina yin su ba har yau, kuma sunan sarki a gindin kwalba ba hujja ba ce, domin an daɗe ana kwaikwayonsa. Sabon aiki na gaggawa yakan tona kansa: gefen hoto ya yi dakushi saboda zubi aka yi ko asid aka sa ya ci gilashin, farin ƙasa ya yi gargada, sheƙin ya yi yawa, ko kuma a ga datti da aka cusa a lunguna da gangan. Tsohuwar kwalba kuwa bakinta da gindinta sukan nuna gogewar shekaru ta hanyar ƙananan ƙarce-ƙarce da ba su bin tsari ɗaya, irin wanda hannu da aljihu da tebur suke bari. Murfi ba abin dogaro ba ne ko kaɗan, saboda an saba sauya shi. Duk da haka waɗannan alamu ba su isa su mayar da mutum masani ba, domin masu jabu ma sun san su. Sannan akwai doka: ƙa'idojin da hukumar kula da kayan tarihi ta Sin ta fitar a 2007 sun hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911 daga ƙasar. Ke nan wanda aka tallata wa kwalba a bakin titi a can aka ce masa ta fada ce, ko dai ƙarya aka yi masa, ko kuma ana neman jefa shi cikin laifi a filin jirgi. Sayen sabuwar kwalba a matsayinta na sabuwa, a farashinta na gaskiya, ba aibi ba ne, kuma a cikin masu yin su a yau akwai gwanaye na haƙiƙa da suka cancanci a saya daga gare su.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan irin wannan labari ya sake zuwa teburinka, a ba shi sarari fiye da layi uku. A buga hoton kwalbar babba yadda mai karatu zai ga tudun sassaƙar da santsin farin da ke tsakani, a faɗi zamanin da aka yi ta da yadda aka yi ta da hannayen da ta bi kafin ta iso wurin gwanjo, sannan a kawo farashi. Zan kuma so jaridar ta riƙa ware shafi, ko da sau ɗaya ne a wata, domin tarihin sana'o'in hannu na al'ummomin duniya, a nemi malaman tarihi da na sashen zane-zane na jami'o'inmu su riƙa rubuta shi da Hausa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Kano